Ƙarshen shekara a makarantun Salaga, Yandi da Bawku

1. Garuruwa uku

Garin Salaga yana cikin ƙasar Gana, a yankin Gwanja. Tsakaninsa da birnin Tamale akwai tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka. Garin Yandi yana gabas da Tamale. A can fadar Ya-Na take, wato sarkin Dagwamba. Garin Bawku kuwa yana can arewa maso gabas, dab da iyakar Burkina Faso da ta Togo.

Hausawa sun daɗe da sanin waɗannan garuruwa. A zamanin da, fatake sukan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ɗauke da tufafi da kanwa da fatu. Sukan ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su biyo ta Yandi, su sauka Salaga. A can suke sayen goron da aka kawo daga dazuzzukan Asante. Tafiyar takan ci watanni da yawa.

Kowane ayari yana da madugu. Shi ya san hanya, ya san inda rijiya take, ya san sarakunan da za a gaisar. Akwai kuma jagaba, mai wucewa gaba don ya dubo hanya. Wurin da ayari ke sauka ya huta shi ake kira zango. Wasu fatake sun zauna a zangon, suka yi gidaje, suka yi iyali. Shi ya sa har yau unguwannin baƙi a garuruwan Gana ake kiran su zango, kuma ana jin Hausa a kasuwannin Salaga da Yandi da Bawku.

Karatun makaranta ma tafiya ce mai zango-zango. Shekarar karatu tana da zango uku. In zango na uku ya ƙare, sai kowane aji ya ƙetara zuwa na gaba. A wurin wannan ƙetarawa ne ake bukatar lura sosai, don a nan ne wasu yara ke ɓacewa daga ayari.

2. Yadda makaranta take a Gana

A Gana yaro yakan fara da ajin share fage yana ɗan shekara 4. Yakan yi shekara 2 a wurin. Daga nan sai firamare, shekara 6, daga aji 1 zuwa aji 6. Aji 1 shi ne daidai da CI a Nijar, aji 6 kuwa daidai da CM2. Bayan firamare sai ƙaramar sakandare, shekara 3. An kafa ƙaramar sakandare a gyaran ilmi na shekarar 1987. An haɗa ajin share fage da sauran karatun a gyaran shekarar 2007.

Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce karatun farko kyauta ne, kuma tilas ne ga kowane yaro. A 2005 gwamnati ta fara ba makarantunta kuɗin tafiyar da aiki, don kada a riƙa karɓar kuɗin makaranta daga iyaye. A wannan shekarar kuma aka fara ciyar da yara abincin rana a wasu makarantun firamare.

A ƙa'ida, ƙananan azuzuwa da harshen gida suke fara karatu, kamar Gwanjanci a Salaga ko Dagwambanci a Yandi. Daga aji 4 sai Turanci ya zama harshen koyarwa. Wannan ya yi kama da makarantun Hausa da Faransanci na Nijar, inda yaro ke fara karatu da Hausa, sannan Faransanci ya shigo sannu a hankali. Ana koyar da Faransanci ma a Gana, a makarantun da ke da malaminsa, don ƙasashe ukun da suka kewaye ta duk da Faransanci suke aiki.

A unguwannin zango akwai makarantu da yawa da ke haɗa Turanci da Larabci. Tun 1987 ma'aikatar ilmi ta buɗe sashe na musamman mai kula da irin waɗannan makarantu.

Shekarar karatu takan fara a watan Satumba, ta ƙare a watan Yuli. Annobar korona ta taɓa rikita wannan tsari. An rufe makarantu a watan Maris na 2020, ƴan firamare ba su koma ba sai a watan Janairu na 2021. Sai a 2024 aka sake fara shekara a watan Satumba.

3. Zango na uku

Zango na uku lokacin damina ne. Ruwa yana sauka, ciyawa tana tsiro a filin makaranta, wani lokaci rafi yakan cika ya tare wa yaran ƙauye hanya. A cikin wannan hali ake bitar darussa, ake shirin jarrabawar ƙarshen shekara.

Bayan jarrabawa kowane yaro yakan karɓi katin sakamako. A ciki malam yake rubuta makin da ya samu a kowane darasi, da yawan kwanakin da ya zo makaranta, da halinsa. A ƙasan katin ne ake rubuta ajin da zai shiga baɗi.

Ba dukan yara ke murna a wannan lokaci ba. Ɗan aji 1 yana jin tsoron rabuwa da malamar da ya saba da ita. Ɗan aji 3 yana tunanin Turancin aji 4. Ɗan aji 6 yana tunanin sabuwar makaranta. Wanda aka ce ya maimaita aji kuwa, kunya ce ke damunsa. Yana ganin abokansa za su wuce, ƙannensa za su iske shi.

Tsoro irin wannan ba abin kunya ba ne. Yaron da tsoro ya kama yakan yi shiru, ko ya riƙa faɗa, ko ya ce cikinsa yana ciwo kowace safiya. Malami mai lura yakan gane. Ga wasu abubuwan da ke rage wa yara wannan nauyi:

A kai yara su ga ajin da za su shiga, su zauna a kan bencinsa, su gaisa da malaminsa tun kafin hutu.

Malamin bana ya zauna da malamin baɗi, ya gaya masa wane ne ba ya gani da kyau daga bayan aji, wane ne maraya, wace ce ke zuwa daga nesa.

A kira wanda zai maimaita aji shi kaɗai, a yi masa bayani, a nuna masa darasin da ya kāsa da yadda zai gyara. Kada a karanta sunansa a gaban jama'a don a yi masa dariya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

4. Shugabannin ɗalibai

Malamai kaɗai ba su iya riƙe makaranta. Aji ɗaya yakan ƙunshi yara da yawa, malami kuwa idonsa biyu ne. Don haka kowace makaranta a Gana tana da shugabanni daga cikin ɗalibai. Ana kiran kowanensu firifet.

Akwai babban shugaba na maza da babbar shugaba ta mata. Su ne ke tsayar da yara a layi da safe, lokacin da ake rera taken ƙasa, ana karanta alkawarin biyayya ga ƙasa. Su ne kuma ke kai kukan ɗalibai wurin hedimasta, wanda a Nijar ake kira darakta.

Akwai mai kula da fili. Shi ke raba wuraren shara, ya duba ko an share. Akwai mai kula da lokaci. Shi ke buga ƙararrawa, a wasu makarantun kuma ganga ake bugawa. Akwai mai kula da tsabta, mai duba farce da tufafi, da ruwan wanke hannu, da makewayi. Akwai mai kula da wasanni, wanda ƙwallo ke hannunsa. Kowane aji kuma yana da nasa shugaba, mai goge allo, mai raba littattafai, mai tsare aji in malam ya fita.

Makarantu da yawa suna kasa yara ƙungiya huɗu, kowace da launinta: ja, kore, shuɗi da rawaya. Kowace ƙungiya tana da shugabanta. Suna gasa wajen shara da tsere da zuwa a kan lokaci.

Ba yau aka fara ba yara shugabanci a wurin karatu ba. A makarantar allo, gardi ne ke biya wa ƙanana karatu, ya duba musu allo, ya raba su in sun yi faɗa. Salaga gari ne na malamai tun da daɗewa. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a can yana karantarwa, yana rubuce-rubuce da Larabci da Hausa. Bayan yaƙin basasar da ya watsa Salaga a 1892, ya koma Kete Krachi, inda ya rasu a 1934. Almajiransa sun bazu cikin ƙasar, su ma suka buɗe makarantu. Wanda ya riƙe ƙanana yana almajiri, shi ke iya riƙe makaranta in ya zama malami.

A Nijar ma akwai makarantun da ke da gwamnatin ɗalibai, mai shugaba da ministoci, kamar ministan tsabta da ministan wasanni. Suna ne ya bambanta, aikin ɗaya ne.

5. Ranar zaɓe

Ƴan aji 6 za su tafi. Kafin su tafi, dole a sami waɗanda za su gaje su daga aji 5. A wasu makarantu malamai ne ke naɗawa. A wasu kuwa zaɓe ake yi. Ga yadda zaɓen yake gudana.

Da farko, duk mai son wani muƙami yakan ba da sunansa. Sai malamai su kira shi su yi masa tambayoyi. Sukan duba ko yana zuwa makaranta kullum, ko yana da tsabta, ko yana da ladabi, ko yana iya magana a gaban mutane.

Na biyu, akan tara dukan makaranta a inuwar itace. Kowane ɗan takara ya fito ya faɗi abin da zai yi in an zaɓe shi. A nan ake gane mai hankali. Wani yakan yi alkawarin gina sabon aji ko sayo mota. Wannan ya fi ƙarfin yaro. Wata kuwa takan ce za ta tabbata randar ruwa ba ta kwana ba murfi, kuma ƙananan yara za su fara karɓar abinci kafin manya. Wannan alkawari ne da za a iya cikawa, kowa kuma zai gani da idonsa.

Na uku, sai jefa ƙuri'a. A inda aka shirya sosai, akan yi takarda mai sunayen ƴan takara, wani lokaci har da hotunansu. Yaro ya shiga wuri shi kaɗai, ya dangwala yatsa, ya ninke takardar, ya jefa cikin akwati. Wasu makarantu sukan gayyato ma'aikatan hukumar zaɓe ko na hukumar wayar da kan ƴan ƙasa su duba aikin. An kafa waɗannan hukumomi biyu a 1993.

Akwai makarantun da ke sa yara su yi layi a bayan wanda suke so. Wannan ya fi sauƙi, amma yana da illa. Ƙaramin yaro yakan ji tsoron kada babba ya gan shi a layin wani. Ƙuri'ar ɓoye tana kare mai rauni.

Na huɗu, akan ƙirga ƙuri'u a gaban kowa, da babbar murya. Haka ake yi a babban zaɓen Gana, a kowace rumfar zaɓe. Abin da aka ƙirga a fili ba ya barin zargi.

Wanda bai ci ba, ya kamata ya miƙa wa wanda ya ci hannu. Manya ma suna yin haka. John Mahama, ɗan ƙasar Gwanja, yana shugaban Gana ya faɗi zaɓe a watan Disamba na 2016. Ya amince da sakamakon, ya miƙa mulki a Janairu na 2017. A Disamba na 2024 ya sake tsayawa, ya ci, abokin takararsa Mahamudu Bawumia ya taya shi murna. Faɗuwa zaɓe ba ƙarshen tafiya ba ce.

6. Miƙa aiki

Bayan zaɓe akan sa ranar miƙa aiki. Tsofaffin shugabanni su tsaya a gefe ɗaya, sababbi a ɗaya gefen. Mai ƙararrawa ya miƙa ƙararrawa. Mai wasanni ya miƙa ƙwallo. Mai fili ya miƙa tsintsiya da bokiti da fartanya. Sababbin su yi alkawarin riƙe amana a gaban malamai da ɗalibai.

Miƙa kaya yana da sauƙi. Miƙa sani ya fi shi muhimmanci. Tsohon mai fili ya san kusurwar da ruwa ke kwanciya, da ramin da kunama ke ɓuya. Tsohuwar mai tsabta ta san yaran da ke zuwa ba su karya kumallo ba. In suka tafi da wannan sani a cikinsu, sababbi za su fara daga farko.

Don haka yana da kyau a yi zaɓe da sauran makonni kafin hutu. Sabon shugaba ya riƙa bin tsohon, yana kallo, yana tambaya. Daga baya shi ya yi aikin, tsohon yana kallo, yana gyara masa. Yana da kyau kuma a sami littafi ɗaya da ake rubuta kayan makaranta: tsintsiya nawa, bokiti nawa, littattafai nawa a cikin kabad. Mai bayarwa ya sa hannu, mai karɓa ya sa hannu. Ta haka ba wanda za a ɗora wa laifin abin da bai ɓatar ba.

7. Shugaba nagari

Shugabanci yana iya gyara yaro, yana kuma iya ɓata shi. A makarantun Gana an san wata takarda da shugaban aji ke rubuta sunayen masu surutu in malam ba ya nan. Wannan ƴar takarda tana gwada halin mai riƙe da ita. Wani yakan bar sunan abokinsa, ya rubuta na wanda suka yi faɗa jiya. Wani yakan goge suna in an ba shi alewa ko ƙuli-ƙuli. Wanda ya saba da haka yana yaro, in ya girma ya shiga ofis, cin hanci ba zai zame masa baƙo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shugaban ɗalibai ba shi da ikon dukan kowa. Hukumar ilmi ta Gana ta hana duka a makarantu a 2017, ta kuma sake jaddada hanin a 2019. Abin da aka hana malami, ba a ba ɗalibi ba. Ba shi da ikon aiken ƙanana su yi masa aikinsa, ko ya karɓe musu abinci.

Shugaba nagari yakan riga kowa zuwa. In ya ce a yi shara, da tsintsiya a hannunsa yake faɗa. Yakan san sunayen ƙananan yara. In abu ya fi ƙarfinsa, kamar ciwo ko faɗa mai tsanani, ba ya ɓoyewa, yakan gaya wa malam nan da nan. Yakan jure magana, don Hausawa sun ce babba juji ne.

Yakan kuma riƙe kowa daidai. Wannan yana da nauyi sosai a waɗannan garuruwa. A 1994 an yi yaƙi tsakanin ƙabilu a yankunan Yandi da Bimbila da Salaga. An ƙone ƙauyuka da yawa, makarantu suka tsaya. A Bawku rikicin sarauta ya sake tashi a 2021. Aka sa dokar hana fita da dare, wasu malamai da iyalai suka bar garin, karatun yara ya sha tsayawa. Yaran waɗannan garuruwa sun san abin da gaba ke jawowa. Shugaban da ya raba shara da abinci da wasa ba tare da ya tambayi ƙabilar kowa ba, ya koya wa makaranta duka darasin zaman lafiya.

Malamai su ma da nasu aikin. Kada su jibga wa yaro aikin da zai hana shi karatu. Kada su ba maza dukan manyan muƙamai su bar wa mata shara da ɗebo ruwa. Kada kuma su manta da mai shiru-shiru, ko mai naƙasa, don sau da yawa su ne suka fi lura. Gana ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1990. Cikin haƙƙoƙin akwai sauraron ra'ayin yaro a kan abin da ya shafe shi.

8. Ranarmu

Ranar ƙarshe ta zango tana da suna a Gana. Yara suna kiran ta Awa De, wato «ranarmu» da Turanci. A ranar ba a karatu. Yara sukan zo da kayan ado, da abinci daga gida: dafa-duka, ko shinkafa da wake, ko doya, da biskit da lemo. Akan yi kiɗa da rawa da wasanni, a karɓi katin sakamako.

Amma ba kowane gida ke iya dafa shinkafa da nama ba. Akwai yaran da ke ƙin zuwa a ranar, don ba su da sabuwar riga ko kwanon da za su buɗe a gaban abokai. Nan ne aikin farko na sababbin shugabanni. Suna iya shirya kowace ƙungiya ta zauna a tabarma ɗaya, a haɗa kwanoni a tsakiya, a ci tare. In an haɗa abinci, ba a sanin wanda ya kawo da wanda bai kawo ba.

A ranar ne kuma ake sallamar ƴan aji 6. Akan gode musu, a yi musu addu'a. Yana da kyau kowanensu ya faɗi makarantar da zai shiga, a rubuta. Wannan rubutu zai yi amfani nan gaba.

9. Babban hutu

Babban hutu yakan faɗo a tsakiyar aikin gona. A ƙasar Salaga ana aikin doya da masara. A ƙasar Yandi mata da ƴan mata suna tsintar ƙwarar kaɗanya. A ƙasar Bawku ana girbin geron fari, ana kiwon shanu da awaki. Taimakon iyaye abu ne mai kyau, yaro kuma yana koyon sana'a a ciki.

Haɗarin shi ne hutun ya zarce. Wasu yara akan kai su bakin tafkin Bolta su yi aikin su a cikin jirgin ruwa, aiki mai wuya, mai haɗari. Wasu ƴan mata sukan bi mota zuwa Kumasi ko Akara, wadda Hausawa ke kira Ankara, su yi dako a kasuwa. Ana kiran su kayaye, sunan da ya samo tushe daga kalmar Hausa «kaya». Da yawa sukan tafi da niyyar tara kuɗin littafi da takalmi su dawo. Wasu sukan dawo a makare, wasu ba su dawowa. Wasu kuma akan yi musu aure. Dokar yara ta Gana ta 1998 ta hana aure kafin shekara 18, ta kuma hana ɗaukar yaro aikin ƙwadago kafin shekara 15.

Karatu ma yakan zube a hutu, kamar yadda allo ke gogewa in ruwa ya taɓa shi. Maganinsa kaɗan ne: yaro ya karanta shafi ɗaya kowace rana, ya karanta wa ƙaninsa, ya yi wa mahaifiyarsa lissafin ciniki. Yaran unguwa ɗaya suna iya haɗuwa da la'asar sau biyu a mako, babba ya biya wa ƙanana.

10. Daga aji 6 zuwa gaba

A Gana ba a yin jarrabawar ƙasa ta shiga ƙaramar sakandare a ƙarshen aji 6. Yaro yakan wuce ƙaramar sakandare da sakamakon makarantarsa. Babbar jarrabawa, wadda ake kira BECE, sai a ƙarshen shekara ta 3 ta ƙaramar sakandare. An fara yin ta a 1990. Wanda ya ci yakan shiga babbar sakandare, wadda ta zama kyauta tun watan Satumba na 2017.

Duk da haka wannan ƙetarawa tana da wuya. Ƙananan sakandare ba su kai firamare yawa ba. Yaron ƙauye yakan yi doguwar tafiya a ƙasa ko a keke, ko ya zauna gidan dangi a gari. A firamare malami ɗaya ke riƙe aji, ya san kowa. A sakandare kowane darasi da malaminsa. Abincin rana na gwamnati a aji 6 yake tsayawa. Wanda jiya shi ne babba, mai ƙararrawa a hannu, yau ya koma ƙaramin kowa.

Abin da ke taimako shi ne shiri tun da wuri. Malamin aji 6 ya kai yaransa ziyara sabuwar makarantar. Tsofaffin ɗalibai su zo su ba da labarin yadda take. Iyaye da kwamitin makaranta su zauna su san inda kowane yaro zai kwana, da abin da zai ci, da wanda zai bi hanya tare da shi. Ƴan mata su tafi a ƙungiya.

Wanda ya riga ya bar makaranta ma, ƙofa ba ta rufe ba. A 1995 wata ƙungiya mai suna School for Life ta fara aiki a yankin Yandi da Gushegu. Tana tara yara masu shekara 8 zuwa 14 da ba su makaranta, ta koya musu karatu da lissafi da harshensu na tsawon wata 9. Bayan haka sai su shiga firamare. Yara masu yawa sun dawo hanya ta wannan ƙofa.

11. Komawa

In Satumba ya zo, akan buɗe makaranta. Ciyawa ta rufe fili, sai an yi nome. A ranar farko manyan ma'aikatan ilmi sukan zaga makarantu su yi wa sababbin yara maraba.

Sababbin shugabanni suna da aiki biyu a wannan mako. Na farko, su karɓi ƙanana. Su nuna musu aji, da randa, da makewayi, su rarrashi mai kuka. Na biyu, su ƙirga ayarinsu. Kowane shugaban aji ya duba bencin da ba kowa. Wane ne bai dawo ba? Yaran unguwa sukan riga malam sanin dalili: ko ciwo, ko rashin takalmi, ko tafiya. In aka gaya wa malam a makon farko, shi da kwamitin iyaye suna iya zuwa gidan tun abin bai yi nisa ba. In aka bari wata biyu suka wuce, dawowa takan yi wuya. A duba kuma takardar ƴan aji 6 na bara, a tambaya ko kowa ya isa inda ya ce za shi.

Haka madugu yake yi a zamanin fatauci. Ba ya barin zango sai ya tabbata mutanensa da dabbobinsa sun cika. Ana yaba masa ne in ya kai ayari gida ba wanda ya ɓace. Shi ya sa aka ce madugu uban tafiya.

Ma'anar kalmomi

ayari: taron fatake masu tafiya tare (la caravane)
madugu: shugaban ayari (le chef de caravane)
zangon karatu: kashi ɗaya cikin uku na shekarar makaranta (le trimestre)
ɗan takara: mai neman a zaɓe shi (le candidat)
ƙuri'a: takardar da ake jefawa a zaɓe (le bulletin de vote)
amana: abin da aka ba mutum ya tsare (la chose confiée)

Tambayoyi

1. Me fatake ke kaiwa Salaga, me suke sayowa?
2. Shekara nawa yaro ke yi a firamare a Gana? Wane aji ne daidai da CM2?
3. A faɗi muƙamai huɗu na shugabannin ɗalibai da aikin kowane.
4. Don me ƙuri'ar ɓoye ta fi layi?
5. Me ya kamata tsohon shugaba ya miƙa wa sabo ban da kaya?
6. Waɗanne abubuwa ne ke hana yaro dawowa makaranta bayan babban hutu?
7. Me ake nufi da «babba juji ne»?

Aiki

A rubuta layi biyar a kan alkawarin da ɗan takarar shugaban aji zai iya cikawa. A karanta a gaban aji, sauran yara su faɗi ko alkawarin mai yiwuwa ne.